Jera Sunaye a Kwamfuta: Wace Hanya Ce Ta Fi Sauri?

A ce wani malami a Gummi ya tattara takardun jarrabawar ɗalibai 40, yana so ya jera su bisa tsarin abacada. Hanyar da za ta fara zuwa masa ita ce ya duba tarin duka, ya zaro sunan da ya kamata ya zo farko, ya ajiye, sannan ya sake duba sauran. Kafin ya gama sai ya gwada suna da suna sau 780.

Akwai wata dabara da masanin lissafi John von Neumann ya tsara a 1945, watau raba-ka-haɗa. Malamin zai raba takardun kashi biyu, ya sake raba kowane kashi, har kowace takarda ta tsaya ita kaɗai. Daga nan sai ya riƙa haɗa kashi biyu-biyu: ya dubi takardar saman kowane kashi, ya ɗauki wadda ta riga a abacada, haka har su ƙare. Ta wannan hanya gwajin ba zai wuce 177 ba.

Irin waɗannan matakai da kwamfuta ke bi daki-daki su ake kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan Alkhawarizmi, malamin lissafin nan na Bagadaza a ƙarni na 9.

Bambancin yana fitowa fili ne idan sunaye suka yi yawa. A ƙidayar 2006, jama'ar ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum sun haura rabin miliyan. Jera sunaye 500,000 ta hanyar farko na bukatar gwaji kusan biliyan 125. Ta hanya ta biyu, ƙasa da miliyan 10. Na'urar da ke gwaji miliyan ɗaya a daƙiƙa za ta shafe awa 35 a ta farko, amma daƙiƙa goma sun ishe ta a ta biyu. Dalili kuwa shi ne, idan sunaye suka ninka biyu, aikin hanyar farko yakan ninka huɗu, na ta biyu kuwa kaɗan yake ɗara ninki biyu.

Sai dai raba-ka-haɗa tana cin wuri: malami na bukatar tebur mai faɗi, kwamfuta kuma ƙarin ma'aji. Don haka idan sunayen 'yan kaɗan ne, hanya mai sauƙi ta wadatar.

Malamai na iya gwada wannan a aji da katuna 16. Rukunin da ya bi hanyar farko zai yi gwaji 120, na biyu kuwa ba zai wuce 49 ba.