“Sai Malam Ya Dawo”: Lafiyar Mata a Ƙauyukan Gwandu da Kalgo

Wanda ya bar Birnin Kebbi ya nufi kudu, kafin ya gama gyara zama a mota ya iso Kalgo. Nan babban asibitin jiha yake, Kebbi Medical Centre, kuma a kan hanyar Bunza ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wadda aka kafa a 2013. In gabas ya yi, zai isa Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda hubbarensa yake har yau. Amma da an sauka daga kwalta an bi burtali zuwa ƙauyukan da ke bayan waɗannan garuruwa, za a tarar da gidajen da mace ke kwana biyu a durƙushe tana naƙuda, alhali asibitin da zai cece ta bai fi tafiyar sa'a guda ba.

Babban binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya ajiye Jihar Kebbi a ƙarshen layi. Kashi 15 cikin ɗari ne kawai na masu juna biyu suka yi awo a hannun ƙwararru, kuma kashi 3 cikin ɗari ne ƙwararru suka karɓi haihuwarsu, a lokacin da wasu jihohin kudu suka haura kashi 90. Cikin yara dubu da aka haifa, binciken ya nuna 252 ba su kai shekara biyar ba. A faɗin ƙasa kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in duk irin wannan rashi a duniya. Ƙarancin asibitoci da magunguna na cikin dalilai. Amma wanda ya san zaman karkara ya san cewa tun daga cikin gida ake yanke hukuncin wadda za ta ga likita da wadda ba za ta gani ba.

Daga asuba zuwa dare

Macen ƙauye a wannan yanki ita ce farkon tashi. Bayan sallar asuba akwai shara, wanke-wanke, ɗumame da damun kunu. Hantsi na yi, sai ƙarar taɓarya ta cika unguwa. Wata na surfen gero, wata na turara shinkafar fadama don a kai kasuwa, wata na matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli. Matan rugage kuwa sun ɗauki ƙwaryar nono sun kama hanyar gari. Ciki wata takwas ba ya sauke wa mace ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka, domin wadda ta kwanta za a ce raki gare ta.

In an sauke tukunya, akushin maigida ake fara cikawa, sannan na baƙi, sannan na yara. Abin da ya saura shi ne nata. Nama da ƙwai sai ranar kasuwa, in ma an samu. Ga sauron fadama, wanda ya sa Kebbi ta fi kowace jiha yawan yara masu ɗauke da cutar maleriya a wani binciken ƙasa na 2021, kashi 49 cikin ɗari. Sauron da ke cizon yaro shi ke cizon uwarsa, kuma maleriya na cinye jinin mai ciki. Haka mace ke isa ranar haihuwa da ɗan jinin da bai ishe ta ba, ta yadda zubar jinin da wata za ta jure ita sai ta tafi da ita.

Izini

A yawancin gidaje mace ba ta fita sai da izinin mijinta, kuma matan da kansu suna ɗaukar wannan a matsayin mutuncin aure. Inda gizo ke saƙa shi ne ciwo ba ya duba ko maigida yana nan. Da an gama girbi, magidanta da yawa suna tafiya ci-rani, wasu Legas, wasu Abuja, wasu ƙetaren iyaka. Wanda yake gida ma yana iya kasancewa a fadama ko kasuwar wani gari. Sai naƙuda ta tsananta, jini ya ɓalle, maƙwabciya ta shigo da gudu ta ce, “Inna, a kai yarinyar nan asibiti.” Uwar miji ta amsa, “Sai Malam ya dawo.” Ba mugunta ce ta sa ta faɗi haka ba. Ita ma a gida ta haifi nata duka, kuma tana tsoron a ce ta fitar da matar ɗanta ba da saninsa ba, ga shi ba ta da abin biyan mota.

Sai kuma kunya. Yarinya mai cikin fari ba ta faɗin tana da ciki, ba ta ambaton ciwo a gaban surukai, ba ta ɗaga murya a kan gwiwa. Ana yaba wa wadda ta haihu ita kaɗai a ɗaki, sai kukan jariri kawai aka ji. To alamomin da malaman asibiti ke cewa a gudo da zarar an gan su, wato ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, ganin dishi-dishi, ɗigon jini, su ne ainihin abubuwan da tarbiyya ta koya mata ta ɓoye. Idan jijjiga ta kama ta, a wasu gidajen an fi saurin cewa iska ce, a nemo hayaƙi da rubutu. Addu'a na da muhallinta, kuma babu musulmin da zai raina ta. Amma jijjigar masu ciki daga hawan jini take, akwai allurar da ke tsayar da ita, kuma ana gano hawan jinin tun a wurin awo.

Masana sun daɗe da kasa jinkirin da ke kashe masu haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A ƙauyukanmu na farkon ya fi tsawo, kuma shi ne wanda ba ya buƙatar kwangila ko kasafin kuɗi kafin a gajarta shi.

Matar wane ce?

Ba duk mata ne ke cikin hali ɗaya ba, ko da a gari ɗaya suke. Matar ma'aikaci ko ɗan kasuwa a cikin garin Kalgo tana da katin awo, tana da waya, akwai mota ko babur a ƙofar gida, kuma da wuya a rasa wani ɗan'uwa da ke aiki a asibiti. In abu ya yi tsanani, Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi suna kusa. Matar ƙaramin manomi a bayan fadama kuwa, lissafinta daban ne. Kuɗin babur zuwa bakin titi, kuɗin mota, kati, gwaji, safar hannu, auduga, magani, abincin mai jinya, da ledar jini in an ce sai an ƙara. In damina ce hanya ta yanke, sai amalanke ko kwalekwale. Kafin a tashi sai an sayar da akuya ko an ci bashi, kuma sau da yawa akuyar tata ce.

Ko a cikin gida ɗaya akwai hawa-hawa. Mowa ta ce kanta na ciwo, an nufi kyamis. Bora ta kwana uku tana zazzaɓi, a ce ta sha saƙe-saƙi. Wadda iyayenta ke da hali, in miji ya yi nawa, za su aiko a ɗauke ta. Marainiya ba ta da mai tsaya mata. Bazawarar da aka saka da ciki ta koma gidan tsohon da shi ma neman na tuwo yake. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, ciwonta ne na ƙarshe a jerin buƙatu. Bafulatanar ruga kuma, bayan nisa, tana fargabar a yi mata kallon baƙauya ko a kasa jin abin da take faɗi.

Wannan fargaba ba ta rasa tushe. Talaka ya san yadda ake tarbar mai leshi da yadda ake tarbar mai koɗaɗɗen zane. “Hajiya, bismillah, shigo,” daban yake da “Ke, sai yanzu kika ga damar zuwa?” Ma'aikatan lafiya da yawa na aiki da tsoron Allah cikin gajiya da ƙarancin kayan aiki, wani lokaci mutum ɗaya a kan mata hamsin. Duk da haka, tsawa ɗaya da aka daka wa mace ranar awo tana iya hana matan unguwa guda zuwa, domin labari a bakin rijiya da gidan suna yake yawo.

Hannun da aka yarda da shi

Magidanta da yawa ba su yarda namiji ya duba matansu ba, matan ma ba sa so. A ƙananan asibitocin sha-ka-tafi kuwa, sau da yawa namiji ne ke bakin aiki, kuma da yamma an rufe. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomin zamani karkara a 2009, amma baƙuwar da ba ta da masauki, ba ruwa, ba wuta, ba ta daɗewa. Wadda za ta zauna ita ce 'yar garin. To ta ina 'yar gari za ta zama malamar asibiti in an cire ta daga makaranta kafin ta gama firamare? Uban da ya hana 'yarsa karatu, shi ne gobe zai ƙi kai matarsa asibiti don babu mace a can.

Saboda haka ungozomar gargajiya ce ke riƙe da ƙauye. Ta san kowa, ba ta tsawa, ana sallamarta da sabulu da hatsi, ita ke yanke cibi, ta tsaya kan wankan jego. Ba ta iya tsayar da jinin da ya ɓalle, ba ta iya fitar da ɗan da ya zo a gicciye. Amma bakinta na da nauyi a wurin surukai, kuma in ta ce “wannan ya fi ƙarfina, a tafi,” ana tafiya. Duk shirin da ya mayar da ita abokiyar gaba ya yi asarar babbar mai taimako.

Wanda ke son ganin ƙarshen doguwar naƙuda ya je cibiyar masu yoyon fitsari da ke Gesse a Birnin Kebbi. Yawancin matan da ke kwance a irin waɗannan cibiyoyi, har da Babbar Ruga a Katsina inda Dakta Kees Waaldijk ya yi shekaru yana ɗinki, 'yan karkara ne, matalauta, waɗanda ba su yi makaranta ba, da yawa kuma a haihuwar fari abin ya same su, tun ƙugu bai gama buɗewa ba. Kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Ɗan ya zo babu rai, miji ya yi saki, dangi na toshe hanci. Da wuya ka ga 'yar mai hali a wannan layi.

Ciwon mace bai tsaya ga haihuwa ba. Ciwon dajin mama da na bakin mahaifa ana ɓoye su a ƙarƙashin zane har sai sun ci jiki. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta yi shekaru tana wayar da kai a kan haka a jihar, kuma tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin cutar da ke haddasa dajin bakin mahaifa. Shi ma wannan sai uba ya amince.

Abin da ke hannunmu

Akwai tanade-tanaden da ya kamata kowane magidanci ya sani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Jihar Kebbi na da hukumar taimakekeniyar lafiya, KECHEMA. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. Haƙƙin hukuma ne ta tabbatar waɗannan sun isa ƙauyuka irin su Dalijan da Kambaza da Diggi da Zuguru, ta gyara hanyoyi, ta ajiye ma'aikaciya mace dare da rana. Sai dai sanarwar da aka yi a Abuja ba ta amfanar matar da ba ta ji ba, ko ta ji amma ba a bar ta ta fita ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gane haka. A yankin Damagaram, tun wajajen 2008 aka kafa makarantun mazaje, inda magidanta masu mutunci ke zama su tattauna lafiyar iyali, su ja hankalin 'yan'uwansu, har su yi aikin gayya a asibitin gari. Mu a ƙasar Gwandu muna da tushen da ya girmi wannan. Shehu Usmanu, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Malam Abdullahi ya rubuta Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata ta hanyar 'yan taru. Malamai kuma sun haɗu a kan cewa tsare rai na cikin manyan manufofin shari'a.

Don haka abin da ake nema bai saɓa wa addini ko al'ada ba. Magidanci ya ba da izini tun ciki na ƙarami, a gaban mahaifiyarsa da ungozoma, cewa duk sa'ar da ciwo ya tashi a tafi ko yana nan ko ba ya nan. Ya ware buhu ɗaya a lokacin girbi don ranar haihuwa, kamar yadda yake tanadin ragon suna. Mai unguwa ya san masu ciki a unguwarsa, ya san direban da za a tasa da tsakar dare da samarin da za su ba da jini. Liman ya faɗa a huɗuba cewa kai mace awo na cikin haƙƙin da aka ɗora wa miji. Kowane ƙauye kuma ya zaɓi 'yan mata ko biyu ne, ya tsaya musu har su gama makarantar ungozoma su dawo gida. Mace amana ce a hannun wanda ya karɓi aurenta, kuma za a tambaye shi yadda ya riƙe ta ranar da ba ta iya tashi da kanta.