Yadda A Ke Gane Ciwon Tenshina A Injin Motar Gudu

Sau da yawa in bel ɗin tayimin ya tsinke, inji ya lalace, sai ka ji mai mota yana ta zagin bel, wai ba shi da ƙwari. Amma in makaniki mai natsuwa ya bincika, ya kan tarar laifin na wani ɗan ƙarfe ne wanda bai fi dunƙulen hannu ba. Makanikai suna ce masa tenshina, aikinsa kuwa shi ne ya ɗame bel don kada ya yi sako-sako. Za mu duba yadda a ke gane ciwonsa sa'ad da a ke yi wa mota sabis, tun bai kai ga yin ɓarna ba. Misalinmu shi ne Porsche 944, wata ƙaramar motar gudu da ƙawa wadda aka ƙera a Jamus daga 1982 zuwa 1991, da kuma magajiyarta, Porsche 968, wadda aka daina ƙerawa cikin 1995.

A cikin inji akwai sanduna biyu na ƙarfe waɗanda tilas su yi tafiya tare. Na ƙasa shi ne karanshaf, wanda fistin ke juyawa. Na sama shi ne kamshaf, mai buɗe bawul da rufe shi, don mai da iska su shiga, hayaƙi ya fita. Duk sa'ad da na ƙasa ya juya sau 2, na sama ya juya sau 1, ba ƙari ba ragi. Bel mai haƙora shi ke haɗa su. In inji yana juyi 6,000 a minti ɗaya, watau karanshaf yana juyawa sau 100 ke nan cikin daƙiƙa guda, kowane bawul kuwa yana buɗewa sau 50.

Abin tsoro game da injin 944 shi ne, wurin da bawul ke sauka in ya buɗe, nan ne fistin ke kaiwa in ya hau. Bambancin lokaci kaɗai ke raba su. In bel ya yi sako-sako har ya tsallake 'yan haƙora, ko ya tsinke, sai fistin ya doki bawul ya lanƙwasa shi, aikin da za a gama cikin yini guda ya koma sauke kan inji duka.

Tenshina iri uku ne, waɗannan motoci biyu kuwa sun tara su duka. Na farko shi ne na 944 daga 1982 zuwa 1986. Rola ce, watau 'yar ƙafa mai juyawa bisa boris, wadda ramin notinta ba a tsakiya ya ke ba. Makaniki ke juya ta da hannu har ta danna bel daidai, sa'an nan ya ɗaure. Kamfanin ya yi wani ma'auni musamman domin wannan aiki, mai lamba 9201. Na biyu shi ne mai sifirin, wanda aka fara sawa cikin 1987. Mutane da yawa suna zaton yana gyara kansa yayin da mota ke tafiya, alhali ba haka ba ne. Sai an sassauta notinsa sifirin ke tura rola, in an ɗaure kuwa, shi ke nan, ya tsaya cik. Na uku shi ne na 968, mai aiki da mai a cikinsa. Shi kam kullum yana tura bel da ɗan sandansa, yana bin sa ko ya miƙe ko ya tsuke.

Makanikin kirki da kunne ya ke fara bincike, tun bai ɗauki sufana ba. Ya kan ta da inji da sanyin safiya, ya saurara, ya kuma saurara bayan ya yi zafi. In ya ji kuka siriri kamar fito, wanda ke ƙaruwa in an taka totur, to bel ya ɗame fiye da kima. In ya ji faf-faf kamar ana kaɗa tabarma a jikin murfi, ya yi sako-sako. In kuwa gurnani ne ko ƙarar niƙa, boris ɗin rola ne ya bushe. Don kada a ɗora wa tenshina laifin wani, a kan cire bel na waje mai juya janaretan caji, a ta da inji na ɗan lokaci kaɗan. In ƙarar ta ɗauke, ciwon na waje ne. A tuna kuma 944 bel biyu gare ta a cikin murfi, na tayimin da na sandunan da ke hana inji rawa, shi ma na biyun ya kan yi fito in an matse shi.

Bayan kunne sai ido. A kashe inji, a cire kan batir, a buɗe murfi, a juya karanshaf da hannu har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, alamomin tayimin su yi daidai da juna. Kada a yi garajen cire bel a yar, gama shi ne babban shaida. In gefensa ɗaya ya zazzage, zare ya fito, rola ta karkace ke nan, tana tura shi yana gugar ƙarfe. In bayansa ya yi sheƙi kamar an goge shi, ko ya tsattsage, wata rola ta cije, yana ta zamewa bisa kanta har ya ƙone. In tsakanin haƙora ne ya cinye, an ɗame shi da yawa. In haƙoran ne suka fara gutsurewa daga gindi, ko dai ya yi sako-sako, ko wani abin da ya ke juyawa ya yi tauri. Baƙin gari a cikin murfi alama ce roba tana ci. A duba kuma ko baƙin mai yana yoyo daga sil, ko ruwa daga famfon ruwa, domin bayan wannan bel ɗin ne ke juya famfon, in boris ɗinsa ya mutu ya kan yi kamar ciwon tenshina.

Sa'an nan sai hannu. In an cire bel, a juya kowace rola da yatsa. A nan ne sabon shiga ya kan ruɗe. Rolar da ka kaɗa ta yi ta gudu tana 'yar ƙara, ba lafiya ba ce, giris ɗinta ne ya ƙare. Mai lafiya tana juyawa sumul da ɗan nauyi, ta tsaya nan da nan. A kuma girgiza ta gefe da gefe, in ta yi wasa ko kaɗan, a canza ta. Mai sifirin, a sassauta notinsa a ga ko hannunsa yana motsi ba cijewa, gama tsatsa da datti su kan riƙe shi, sifirin kuma ya kan gaji. Ko lafiyarsa lau, a gwada bel da ma'auni bayan an ɗaure. Mai aiki da mai, a duba bakin sandansa ko ya jiƙe. In har ka iya danna sandan da ƙarfin hannunka ya shige, ya mutu. Mai rai sai an sa shi cikin ƙarfen matsi, a riƙa matsawa sannu sannu, ana dakatawa, har ramukansa su haɗu a soka siririn ƙarfe ya riƙe shi. Wanda ya matse shi da gaggawa ya lalata cikinsa da hannunsa.

Wajen mayarwa akwai ka'idodi uku. Ta farko, muddin bel ba ya kai, kada a juya karanshaf ko kamshaf shi kaɗai. Ta biyu, a gwada ɗamewar bel inji yana sanyi, domin jikin injin na alminiyam ne, in ya yi zafi ya kan buɗe ya ƙara ja. Ta uku, kafin a taɓa makulli, a cire filogi, a juya karanshaf da hannu sau 2 cikakku yadda hannun agogo ke tafiya, a sake duban alamomi. In an ji ya tokare, a tsaya, kada a sa ƙarfi, wataƙila fistin ne ya taɓa bawul. Sabon bel ya kan ɗan miƙe, sabo da haka a kan komo da 944 gareji bayan mil 1,500 zuwa 2,000 a sake gwada shi.

Mai mota ya kan so ya rage kuɗi, ya ce a sa sabon bel a bar tsofaffin rola da tenshina, tun da ba su yi ƙara ba tukuna. Amma tare suka fara aiki da tsohon bel, tare suka tsufa, ba lalle ne su kai ƙarshen ran sabon ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tun da an riga an buɗe gaban inji, abin da ya fi shi ne a canza bel biyun, da rola duka, da duk sil mai yoyo, a duba famfon ruwa da kyau, sa'an nan a rubuta ranar aikin da adadin mil a littafin mota, don makanikin da zai zo bayanka ya san inda aka tsaya.