Shekarun Tsohuwar Rediyo Suna Jikin Kwalbarta

A ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi, inda gona ke manne da gona, ba a saurin zubar da kaya. Shi ya sa har yanzu akan tarar da tsohon akwatin rediyo a zauren wani dagaci ko ɗakin tsohon ɗan kasuwar gyaɗa, ya yi shiru shekara hamsin, ƙura ta lulluɓe shi, yana jiran ranar da 'yan gwangwan za su zagayo. Idan aka kwance bayansa, za a ga 'yan kwalabe a jere kamar ƙwan fitila. Su ne bawul, kuma kafin zuwan transisto su ke ɗaga muryar mai magana.

An zuƙe iskar cikin kwalbar. Wata siririyar waya tana yin zafi, lantarki ya tsallaka zuwa wani faranti, wata raga a tsakani tana ƙara shi ko rage shi daidai da saƙon da eriya ta kamo. Wani Bature ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙirƙiro na farko a 1904. Da Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, irin waɗannan akwatuna na cikin waɗanda aka kewaye ana saurare. A ƙauyen da ba wuta, mai batir ake saya, batirinsa kuwa gingimemen abu ne mai ƙarfin bolt 90. Transisto ya zo da araha da ƙaramin batir, ya kore su.

Sai ga shi makaɗan gita da masu son sauti a Turai da Amurka da Japan ba su saki bawul ba. Suna neman tsofaffin da Mullard da Telefunken da RCA suka ƙera, suna biya da tsada. Inda kuɗi ya shiga kuwa, jabu na biye. Har yau ana ƙera bawul a Saratov ta Rasha, da Sulobakiya, da Sin, kuma ba wuya a goge sunan sabo a buga masa tambarin tsohon kamfani. Sunan Mullard ɗin ma yanzu wani kamfanin Amurka ke da shi, yana buga shi a kan bawul ƙirar Rasha, ba tare da ya karya doka ba.

Mai sayen sa a kasuwar Ɗambatta ba ya tsayawa kan maganar dillali, bakin san yake buɗewa ya duba haƙora. Bawul ma yana da nasa haƙoran. Masana'antun Philips, wadda Mullard ke ƙarƙashinta a wancan lokacin, sun riƙa zana wasu ƙananan haruffa masu duhu a jikin gilashin, can ƙasa, layi biyu. Na sama yana faɗin irin bawul ɗin. Na ƙasa shi ne takardar haihuwa: harafin farko masana'anta, lamba shekara, harafi wata, lambar ƙarshe mako. Idan ka ga B3E2, to an yi shi a Blackburn ta Ingila, a shekarar da ta ƙare da 3, a watan Mayu, tunda A ce Janairu, a mako na biyu. Matsalar ita ce lamba ɗaya ba ta raba 1963 da 1973. Nan sai an leƙa ciki, a duba tsawon farantin da siffar zoben da ke sama, don ƙirarsu ta riƙa canzawa. Telefunken kuwa alamar lu'ulu'u ta riƙa bari a gindin kwalbar, tsakanin ƙafafun, tun gilashin yana narke, abin da fenti ba zai iya kwaikwaya ba. Amurkawa lamba suka riƙa sawa: 274 RCA ce, 188 General Electric, 312 Sylvania, sai shekara da mako su biyo.

Kada dai wani ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Bawul ɗin rediyo mai batir, irin su DK96 da DL96, ba su da wani farashin kirki. Waɗanda ake rububi su ne ECC83 da EL84 da EL34, kuma an fi samunsu a manyan rediyo masu aiki da wuta da tsofaffin na'urorin lasifika. A ganina ma akwatin da ke cike da kayansa ya fi daraja a gidan da ya gaje shi fiye da kwalaben da aka zare aka watsar da gangar.

Wanda zai duba nasa, ya fara da saman kwalbar. Akwai tabo mai ƙyalli kamar madubi, sinadarin da ke shanye ragowar iska ne. Idan ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu. Kada kuma a sa masa ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma, domin rubutun asali yana gogewa da ɗan shafa kaɗan. Jona akwatin da wuta kuwa a bar wa mai gyaran rediyo, cikinsa na iya riƙe lantarki ɗaruruwan bolt ko bayan an zare shi daga soket.