Douglas Hyde: Ɗan Limamin Coci da Ya Tsaya wa Harshen Ayirish

A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe ina tambayar kaina: shin sai wanda ya sha harshe a nono ne kaɗai zai iya yi masa hidima? Tarihin Douglas Hyde, shugaban ƙasar Ayilan na farko, shi ya ba ni amsa.

An haifi Hyde a shekarar 1860 a gundumar Roscommon da ke yammacin Ayilan, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Ingila. Mahaifinsa, Arthur Hyde, limamin cocin Furotesta ne, kuma Ingilishi ake yi a gidansu. Galibin masu magana da harshen Ayirish kuwa talakawan ƙauye ne mabiya ɗariƙar Katolika, waɗanda masu mulki suke yi wa kallon ƙauyawa. Wato ta fuskar addini da matsayi, Hyde bare ne a cikinsu.

Rashin lafiya ta sa ya yi karatunsa na ƙuruciya a gida. Wannan ya ba shi damar zama da tsofaffin yankin, musamman wani mai gadin dajin farauta mai suna Seamus Hart, inda ya koyi harshen daga bakinsu. Daga baya ya shiga Kwalejin Trinity ta birnin Dublin.

A 1892 ya gabatar da wata shahararriyar lacca, yana kira ga mutanensa su daina kwaikwayon Turawan Ingila ido rufe. A 1893 shi da Eoin MacNeill da wasu suka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge domin farfaɗo da harshen. A wannan shekarar ce kuma ya wallafa waƙoƙin soyayya na baka da ya tattaro a lardin Connacht. Da ƙungiyar ta karkata ga siyasa, sai ya ajiye shugabancinta a 1915, domin a ganinsa harshe na kowa ne. Ya shugabanci ƙasar daga 1938 zuwa 1945, ya rasu a 1949.

Darasin da na ɗauka shi ne, harshe ba gadon jini ba ne. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai da suka tsinci Hausa da rana tsaka, kada ku raina kanku. Ku kusanci tsofaffi, ku saurara, ku rubuta abin da kuka ji kafin ƙasa ta rufe idonsu.