Yabon da Ke Zagayowa ta Bayan Danga

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe na gargajiya ya san cewa yabo, ko da yake ba a rasa shi ba, ba safai yakan shigo ta ƙofar zaure ba, sai dai ya zagayo ta bayan danga. Domin kuwa al'adar kunya, wadda ta hana uwa ambaton sunan ɗanta na fari, ta kuma hana uba sakar masa fuska a bainar jama'a, ita ce ta ɗaure harshen iyaye ga barin faɗin abin da ke cike da zukatansu. Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta ba da labarin wannan alkunya yadda ta tarar da ita. Ga kuma tsoron kambun baka, wanda ya sa ko baƙuwa ba ta yaba jinjiri sai ta haɗa da tubarkalla, sannan ga fargabar kada yaro ya ji an yabe shi kansa ya kumbura.

Amma magabata, da yake masu hikima ne, ba su bar yaro cikin ƙishirwa ba, sai suka ɗora wannan hidima a wuyan kakanni da gwaggwanni. Kaka ita ke kiran jikanta maigidanta, ta yi masa kirari, ta ɓoye masa ƙanzo, ta tsegunta masa abin da ubansa ya faɗa a kansa bayan idonsa.

Ina tuna ranar da na kai izu goma a makarantar allo, na sheƙo gida tawada ba ta bushe a yatsuna ba, na durƙusa gaban mahaifina yana bisa buzu yana jan carbi. Bai ɗago kai ba, ya ce, "To, madalla. Saura hamsin." Na fita jikina a sanyaye. Sai da dare kakata ta jawo ni kusa da fitila ta ce, "Kai, maigida, ka san ubanka ya hana mutanen majalisa sakat yau da zancen karatunka?" A daren nan ban yi barci ba sai da na haddace abin da malam ya rubuta mini na gobe.

To, a ganina nan ne matsalar zamaninmu take, domin magidancin da aikin albashi ya kai Kano ko Kaduna ko Yamai, ya kama hayar ɗaki biyu, ya taho da kunyar ubansa cikakkiya, amma ya baro kakar a ƙauye. Saboda haka faɗa yana isa kunnen yaro kai tsaye, yabo kuwa ba shi da manzon da zai kai shi. Haka nan uwargida, wadda ta wuni a bakin murhu, ba ta jin labarin miyarta sai ranar da gishiri ya zarce.

Alhali kuwa Sunna ba ta san wannan rowa ba. Sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauko daga kogon Hira yana makyarkyata, Nana Khadija ta kwantar masa da hankali ne ta hanyar lissafa masa kyawawan ɗabi'unsa, na sada zumunci da karrama baƙo da ɗaukar nauyin gajiyayye. Anas ɗan Malik kuwa ya yi masa hidima shekara 10 bai taɓa jin kalmar ƙosawa daga bakinsa ba.

Kwanan baya 'yata ta kawo mini takardar jarrabawarta. Na ji "madalla" irin ta mahaifina ta taso mini, na waiwaya, babu kaka a gidan. Na ce, "Zo nan, uwata, Allah ya yi miki albarka, kin faranta mini rai." Ta tsaya tana dubana kamar ta ga baƙo, sannan ta ruga ɗakin girki tana kiran mamanta.