Kafin Mu Biya Kuɗin Sabon Gida A Hannun Babban Kamfani

Duk wanda ya bi hanyar filin jirgin sama ta Abuja ya ratsa Lugbe, ko ya bi hanyar Keffi ta Mararraba da Masaka, ko ya zagaya sababbin unguwannin Kaduna da Jos, ba zai rasa ganin manyan alluna masu hotunan gidaje ba. Ga fenti yana sheƙi, ga furanni a ƙofa, ga mota a tsakar gida. A ƙasa kuma an rubuta cewa ka biya wani abu yanzu, sauran ka biya a hankali. Ga magidancin da ya yi shekaru yana fama da kuɗin haya, ko ma'aikacin da ritaya ta ƙarato masa, wannan kira ne mai wuyar ƙi.

Da yawa daga cikinmu ba za su sayi gida fiye da sau ɗaya ba a rayuwarsu. Kuɗin da za a zuba kuwa, sau da yawa shi ne giratuti, ko adashen shekaru, ko kuɗin gonar gado da aka sayar. Idan ya nutse, babu wani a bayansa. Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna da ku, 'yan'uwa masu karatu, mu duba wannan ciniki a tsanake.

Yadda aka zo nan

A da, gwamnati ce babbar mai gina rukunin gidaje. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973, ita ce ta gina unguwar Festac a Legas, daga baya kuma ta gina Gwarimpa a Abuja. Dattawanmu suna tune da gidajen Shagari masu sauƙin kuɗi da aka yi a jihohi tsakanin 1979 da 1983. Amma bayan da hedkwatar ƙasa ta koma Abuja a watan Disamba na 1991, jama'a suka yi ta kwarara har gwamnati ta kasa. A shekara ta 2000 hukumomin Abuja suka fara ba kamfanoni manyan filaye domin su gina su sayar. Daga nan wannan sana'a ta bunƙasa, ta bazu zuwa jihohi.

Gaskiya ne akwai amfani a sayen gida a hannun kamfani. Mutum ya huta da rigimar masu fili, ya huta da birkila da kafinta, ya huta da ɗan'uwan da aka ba shi tsaron aiki siminti yana ɓacewa a hannunsa. Kamfani yana sayen kaya a sari, yana iya shimfiɗa hanya ya kawo taransifoma, ya sa masu gadi. Akwai kamfanonin da suka cika alkawari, mutane suna zaune lafiya a gidajensu. Sai dai girman kamfani ba shi ne shaidar amana ba.

Cinikin biri a sama

Mafi yawan gidajen nan ana sayar da su tun ba a gina ba. Abin da mai saye ke gani shi ne zane a takarda da gida guda na nuni. Ma'anar wannan ita ce, da kuɗinmu kamfani zai yi ginin. Mu ne muka ba shi rance, ba ruwa, ba jingina.

Abin da ya faru a ƙasar Sin ya isa darasi. A da, kamfanin Evergrande yana cikin mafi girman masu gina gidaje a can. Ya karɓi kuɗin mutane a kan gidajen da bai gama ba, ya ci bashin da ya haura dala biliyan 300, ya kasa biya a ƙarshen 2021, kuma a watan Janairu na 2024 wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a rushe shi a sayar da kadarorinsa. A 2022 masu saye a birane da dama na ƙasar suka daina biyan bashin banki, domin ana cire musu kuɗi kowane wata a kan gidajen da aka yi watsi da su. In hakan ta faru da kamfani irin wannan, to, ba wanda za a ce ya fi ƙarfin faɗuwa.

A nan gida kuma akwai tashin farashi. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya kai 10,000 har ya wuce a wasu wurare a farkon 2024. Kamfanin da ya yanka wa gida farashi kafin wannan lokaci, hanya uku ce ta rage masa: ya nemi ƙarin kuɗi daga mai saye, ya tsayar da aiki, ko ya rage ingancin kaya. Ta ukun ita ce mafi haɗari, domin ba a ganinta sai bayan an tare.

Takardar fili ita ce gida

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. A Abuja kuwa fili na Gwamnatin Tarayya ne, ministan birnin shi ke bayarwa. Abin da mutum ke samu izinin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma sashe na 22 na dokar ya ce ba a sayar da wannan izini ko a jinginar da shi sai da yardar gwamna. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo.

Ga inda matsala take. Sau da yawa kamfani yana riƙe da satifiket guda ɗaya na filin rukunin baki ɗaya. Abin da yake ba mai saye shi ne rasit da wasiƙar ba da gida, wadda shi da kansa ya buga. Wannan wasiƙa ba ta kai takardar mallaka ba. Idan kamfanin ya riga ya kai babban satifiket ɗin banki ya karɓi bashi, ranar da ya kasa biya, banki na iya zuwa neman filin da gidajen da ke kansa. Idan kuma filin tun asali an ware shi ne domin hanya ko makaranta, ko ba a amince da zanen ginin ba, motar rusau ba ta tambayar wanda ya biya kuɗi da zuciya ɗaya. Mazauna Abuja ba su manta da rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ba.

Maganin wannan shi ne bincike. A Abuja akwai ofishin AGIS, a Kaduna KADGIS, a Filato PLAGIS, a Nasarawa NAGIS. Lauya zai iya neman bayanin fili a can, ya gano sunan wanda ke kan takarda, da abin da aka ware filin dominsa, da ko an jinginar da shi. Haka kuma a duba rajistar kamfanin a hukumar CAC, a san su wane ne masu shi. Amma lauyan ya zama namu ne, mu muka ɗauko shi, mu za mu biya shi. Lauyan kamfani, komai kirkinsa, kamfani yake yi wa aiki.

Ruwa ba ya manta hanyarsa

Da rani ake yawan kai mutane ganin fili, lokacin da ko'ina ya bushe. A watan Satumba na 2021 ambaliya ta afka wa rukunin gidaje na Trademore da ke Lugbe har aka yi asarar rayuka. A watan Yuni na 2023 ruwan ya sake dawowa ya shanye gidaje fiye da 100, hukumomin Abuja suka ayyana wurin a matsayin inda bala'i ya faɗa. Mutanen da ke ciki da kuɗinsu suka saya.

Saboda haka muna ba da shawara a je ganin wuri a watan Agusta ko Satumba, bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi. A dubi inda ruwa ke bi, da girman kwalbati da lambatu, da ko akwai rafi a bayan katanga. A dubi ƙasan bango ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa tsayawa. A tambayi manoma da tsofaffin wurin, su suka san inda fadama take kafin a cike ta da jar ƙasa.

Abin da fenti ke rufewa

A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, ya kashe mutum fiye da 40, har da mai ginin. Gidajen alfarma ne da ake tallarsu ga masu hali. Wannan ya nuna mana cewa tsada ma ba ta tabbatar da inganci.

A ƙananan gidaje ha'incin yakan ɓuya a wurare kaɗan da aka sani. Buhun simintin da ya kamata ya fitar da bulo wajen 30, sai a matse shi ya fitar da 45 ko 50, irin bulon da ke marmashewa in an kankare shi da ƙusa. Ana rage kaurin rodi ko yawansa a ginshiƙi. Kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma yana son a riƙa ba shi ruwa a kwanakin farko, amma mai gaggawar gama gida 200 ba ya jira. Ana tsallake ledar da ke hana danshi hawa bango, sai ka ga fenti yana ɓarewa daga ƙasa bayan damina ɗaya. Ana sa siririyar waya wadda ke zafi in an kunna dutsen guga da firji tare. Ana haƙa sokawe dab da rijiyar burtsatse, alhali masana lafiya sukan ba da shawarar a bar tazarar mita 30.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi a jikin filasta, yawanci bushewa ce. Amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana ƙara buɗewa, ga ƙofofi sun fara ƙin rufuwa, wannan alama ce ta cewa tushe yana motsi. A ɗauko injiniya mai rajista da COREN, ko magini mai rajista da CORBON, ya duba gidan, in da hali tun kafin a yi filasta. Kamfanin da ya hana mai saye kawo nasa masanin, ya riga ya ba da amsa.

Hanya mafi arha kuma ita ce a je rukunin da kamfanin ya gina shekara biyar da suka wuce, ba tare da ɗan rakiya daga ofishinsu ba, a gaisa da mazauna, a tambaye su ruwa da wuta da rufi, da kuma ko sun karɓi takardunsu. Gani ya kori ji.

Abin da ya kamata yarjejeniya ta ƙunsa

Duk alkawarin da ba a rubuta ba, iska ce. Takarda ta faɗi ranar da za a miƙa makulli, da abin da kamfani zai biya in ya saɓa. Ta faɗi ko farashi tsayayye ne ko zai iya tashi, da iyakar tashinsa. Ta faɗi nawa za a cire in mai saye ya fasa, da lokacin da za a mayar masa da saura. Ta bayyana ko gida ne gamamme ko kwarangwal, wato gini da rufi kawai, babu tayil, babu silin, babu kayan banɗaki. Ta lissafa irin kwano da ƙofofi da waya, domin gidan nuni kullum ya fi sauran kyau. Ta faɗi wanda zai yi hanya da ruwa da wuta, da yawan kuɗin hidima na shekara, da wanda ke da ikon ƙara shi. Ta kuma faɗi lokacin da mai saye zai sami takarda da sunansa, mai rajista a ofishin filaye.

A kwangilolin gini na ƙwarai akan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗi har wata shida ko shekara guda bayan gama aiki, domin gyaran duk aibin da ya bayyana. Mai sayen gida ma ya nemi irin wannan sharaɗi, kuma lokacin ya haɗa da damina ɗaya cikakkiya. A biya kuɗi mataki mataki bisa ga aikin da ido ya gani, a asusun kamfani, ba a hannun dillali ba. Ma'aikatan da ake cire musu kashi 2.5 cikin 100 domin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, su tambayi bankin FMBN game da rancensa mai ruwa kashi 6 cikin 100 da ake iya biya har shekara 30. Banki ba ya sakin rance sai ya ga takardar fili, wannan kuwa ƙarin ido ne a gare mu. Idan an riga an cuci mutum, akwai hukumar kare masu saye ta FCCPC, akwai kuma kotu, sai dai rigakafi ya fi magani.

Tsakaninmu

Akwai abu biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na ɗaya, dillalan gidaje sun gane cewa mutum ya fi yarda da wanda suke zumunci tare, saboda haka sukan bi ta ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da na ikkilisiya. Ɗan'uwan da ya kawo mana talla mai yiwuwa ne shi ma bai ga takardar filin ba, kamasho kawai aka yi masa alkawari. Tambayarsa shaida ba rashin ƙauna ba ne. Muna kuma roƙon shugabanni da dattawa su yi hattara da ba da sunansu ko wurin sanarwa ga cinikin da ba su bincika ba, gama in ya lalace, zumunci ne zai fara tsagewa.

Na biyu, kada maigida ya yi wannan ciniki a ɓoye. Uwargida ta san inda gidan yake, da nawa aka biya, da inda aka ajiye takardu. In tare aka tara kuɗin, a sa sunayen biyu cikakku a takarda. Gwauraye da marayu da yawa sun sha wuya saboda rasit guda da ba a san inda yake ba.

'Yan'uwa, in dillali ya ce gida biyu kawai suka rage, farashi kuma zai tashi ranar Litinin, mu ba shi haƙuri mu tafi wajen lauya. Wata guda na bincike bai kai zafin shekara goma a kotu ba. Allah ya ba kowannenmu muhalli na kansa, ya sa mu kwana a cikinsa da kwanciyar rai.