Ko Kun Sani? Matsayar Jiragen Alhazai a Sawakin

Mutanen Kona da kewayen Tasawa da Mayahi, waɗanda Allah bai sanya teku a ƙasarsu ba, in kakanninsu suka ɗaura niyyar aikin Hajji a zamanin tafiyar ƙasa, suka ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, galibi a Sawakin suke fara ganin Bahar Maliya. Tsohon garin yana bisa tsibiri ne a cikin wani kewayayyen ruwa, wanda ba a isa gare shi sai ta siririn mashigi tsakanin duwatsun murjani, kuma wannan ƙunci, wanda ya kāre jiragen iska daga haɗarin igiyar ruwa ƙarnuka da dama, shi ne ya hana manyan jiragen tururi shiga, har hukumar Ingila da Masar ta gina Bur Sudan a arewa, aka buɗe ta a 1909, Sawakin ta koma kufai.

Da aka farfaɗo da tashar Sawakin a 1991 domin fasinja da dabbobi masu tsallakawa zuwa Jidda, sai aka sanya mata sunan Usman Digna, sarkin yaƙin Mahadi wanda ya yi shekaru yana gwabzawa da Turawa a wannan yanki, abin da, a ganina, hikima ce ta masu tarihi. Su kuwa matsayun jiragen lambobi ake ba su, ana raba su gwargwadon zurfin ruwa da irin kayan da za a sauke, domin jirgin raguna ba ya tsayawa inda alhazai ke hawa.